Shekarar da Na Ba da Hatimin Garke

Laminu, Haua, Bashiru, wannan babin naku ne fiye da duk waɗanda na rubuta a baya. Na san abin da ake faɗi a Dakoro game da yadda na bar Garke, na kuma san ku ma kun ɗauka, tunda ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba. Ana cewa wata mata ta Tawa ce ta lallaɓa ni lokacin da nake cikin makoki, ta karɓe aikin da na yi shekaru ina yi. Ba haka aka yi ba. Sau uku ina soma wannan shafi ina tashi, in zaga gida, in leƙa awaki, in fita ƙofa in dawo ban san abin da ya fitar da ni ba. Yau uwarku Rabi ta ce in ban gama shi ba kada in sake tambayarta inda ta ajiye mini kaye, littafin rubutuna.

Kun tashi kun tarar da Garke a gidan nan kamar wani ɗan uwanku, amma ban tabbata kun san mene ne shi ba. Ni ma'aikacin kiwo ne, likitan bisashe kamar yadda mutane ke kiranmu, ko da yake karatuna bai kai na likita ba. A daji muna da mataimaka, mutanen rugage da zangunan Buzaye waɗanda aka horar na 'yan makonni, aka ba su akwatin magani da allura. Mafi yawansu sun fi ni sanin dabba. Abin da ke ba su wuya shi ne awon magani, domin takardun kwalaben da Faransanci suke, wasu ma da harsunan da ni kaina ba na karantawa. Da wani aiki na 'yan shekaru ya ƙare ya bar mana ordinater, wato kwamfuta, a buro, ofishinmu, sai na riƙa tsayawa bayan an tashi ina koyon rubuta lojisiyel, wato manhaja, daga littattafan da na aro a Maradi. Abin da na fara yi ƙarami ne: ka zaɓi dabba, ka sa nauyinta, ka zaɓi magani, ya faɗa maka awon da za ka ja a allura. Da salula masu shafawa suka bazu sai na mayar da shi cikinsu, da Hausa, da hotunan da na zana da hannuna saboda wanda bai yi lekwal ba, wato makarantar boko, yana aiki ko babu rezo, wato sabis na waya. Na sa masa suna Garke.

Ban taɓa sayar da shi ba. Na ajiye rubutun cikinsa a fili a intanet, kowa ya karanta, kowa ya kwafa, wanda ya ga kuskure ya aiko gyara. Sannu a hankali mutanen da ban taɓa gani ba suka fara aikowa, daga Damagaram, daga Tawa, har daga Mali. Wani ya sa Fulatanci, wani ya sa Buzanci. Wadda ta fi kowa aiki a cikinsu ita ce Madam Zeinabu, mai kula da ordinater a wata ma'aikata a Tawa. Ta fi ni sanin rubutun nesa ba kusa ba, kuma shekara huɗu muna aiki tare ban san fuskarta ba.

Amma akwai abu ɗaya da ban buɗe wa kowa ba. Gyara kowa na iya aikowa, fitar da sabon Garke kuwa, wanda zai sauka cikin salulolin mutane, ni kaɗai ke yi. Kwana biyu yake ci. In tattara gyare-gyaren, in ɗauko littafin magunguna in bi jerin da ke cikin lojisiyel layi bayan layi da yatsa, in harhaɗa, in gwada a tsofaffin salula uku da nake ajiyewa cikin kwano, sannan in buga hatimi. Hatimin nan wani mabuɗin sirri ne da ke cikin ordinater tawa. Salula ba ta karɓar sabon Garke sai ta ga hatimin a jikinsa, don kada wani ya yi jabu ya raba wa mutane. Daga nan in hau saman buro, inda rezo ya fi ƙarfi, in zauna ƙarƙashin laima ina jiran ya gama hawa. Ban taɓa rubuta matakan nan a takarda ba, a kaina suke. Kwanakin fitarwa ba na cin abinci a zaune, ba na jin magana, kuma kuna tuna abin da uwarku ke ce muku in kun yi hayaniya.

"Ku yi shiru, babanku na naƙuda."

Kakarku Inna kuwa, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar yayana, ba ta dariya da abin. Takan dube ni daga bakin ɗakinta tana tsinke zogale.

"Auta, wanga abu naka, in ka kwanta ciwo wa za shi kula da shi?"

"Ba shi cin abinci, Inna."

"Kai dai shina cinka."

Shekarar da nake son ba ku labarinta, kai Laminu kana karatu a Yamai, Haua tana ɗakinta a Sabon Maci, Bashiru yana lise, babbar sakandare. Bazara ta yi tsanani. Wani sabon maganin tsutsar ciki na allura ya cika kasuwanni, ya fi wanda muka saba ƙarfi, kuma irin wanda in ya wuce awo yake kashewa ne. Mataimaka suka dame ni da kira, makiyaya na son a yi wa bisashensu kafin ruwa ya sauka su yi arewa. Na yi alkawarin sa shi cikin Garke a makon. Na shigar da shi jerin, saura dubawa da gwaji, sai da safiyar ranar Inna ta kasa tashi daga tabarmar salla, numfashi yana fita da ƙyar. A asibitinmu aka ce a wuce da ita Maradi. Motar da muka samu ta ƙarfe sha ɗaya ce, lokacin kuwa tara ta ɗan gota. Uwarku tana ɗaure kaya, ni na ruga buro. Na ce wa kaina layi ɗaya ne kawai na ƙara, me zai same shi. Ban buɗe littafin magunguna ba, ban taɓa kwanon salula ba. Na harhaɗa, na buga hatimi, na hau sama na tura. Na dawo gida na kulle ordinater a akwatin ƙarfe, na jefa mabuɗin aljihu, muka kama hanya.

Kwana uku muna asibitin Maradi, Inna an sa mata iska a hanci, ni ina sintiri tsakanin ɗakin da farmasi. Da hantsin rana ta uku salula ta yi ƙara. Alhusaini ne, mataimakinmu na wajen Tagriss, dattijon da bai taɓa kirana don gaisuwa kawai ba.

"Likita, tumakin Gaishata na hwaɗuwa. Na yi musu sabuwar allurar nan yadda Garke yac ce, ba a jima ba sunka hwara makyarkyata, miyau na zuba. Biyar sun mutu gabana."

Na ce ya karanto mini awon da ya gani. Ya karanto. Tun bai rufe baki ba na gane. Waƙafi ɗaya na tsakanin lambobi na sa ba a wurinsa ba a layin tumaki, awon ya ninku goma. Da na bi layin da yatsa kamar yadda na saba, da na gani. Na ce ya tsaya da allurar, ya faɗa wa duk wanda ya iya samu. Na shiga kiran mataimakan da nake da lambarsu, amma rabinsu suna inda babu rezo, kuma Garke ya daɗe da wuce waɗanda na sani. Mutum kan sauke shi ranar kasuwa, ya koma daji ya tura wa wasu daga salula zuwa salula. Kasuwar Dakoro kuwa saura kwana biyu.

Kafin azahar Madam Zeinabu ta kira. Labari ya kai mata, ta gano waƙafin, ta riga ta gyara. Uwarku tana kusa da ni a baranda tana wanke kwanon Inna, ta ji komai.

"Malam Isuhu, gyaran na nan, hatimi kawai ya rage. Ka sa abokin aikinka na buro shi je gida shi ɓalle akwatin, shi kunna ordinater. Ka hwaɗa min kalmomin sirrin ta salula, in nuna mishi abin da za shi turo min. Kahin magariba sabon Garke ya hita."

"Ba a hwaɗin kalmomin nan ta salula."

"Na sani. In an gama sai mu sake wasu. Bisashe na mutuwa, Malam."

"Akwai matakan da ba ki sani ba. Ni zan zo in yi."

Ta ce Allah ya ba Inna lafiya, ta kashe. Wannan maganar ce ban taɓa faɗa muku ba, kuma saboda ita nake rubuta babin nan. An nuna mini hanya na ƙi. Na gaya wa kaina tsaro nake yi, kada hatimi ya faɗa hannun da bai dace ba. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta hana ni ba. Abin da ya hana ni shi ne ban iya jure a ce Garke ya fita ba da hannuna ba, balle a ce wata ce ta share kuskurena.

Na kwana na tashi da abin a raina. Ban iya zama kusa da gadon Inna ba, in zauna in miƙe, in fita in dawo. Da safe ta ɗago hannu ta kira ni.

"Auta, tun jiya ƙohwa kake kallo."

"Babu komi, Inna."

"Akwai. Ni na haihe ka. Tahi ka yi abin da ya hana ka zama, ka dawo."

Uwarku ta biyo ni har bakin ƙofar asibiti, gyalenta a hannu.

"Malam, matar nan ta ce akwai hanyar da ba sai ka tahi ba. Da kunnena na ji."

"Rabi, ba ki san aikin nan ba."

"Ban san aikin ba, amma na san ka. Ka dubi tsohuwar nan da kyau kahin ka hau mota."

Na ce kwana ɗaya ne, gobe ina nan. Na isa Dakoro da la'asar na tarar babu kuran, wutar lantarki, tun safe, batirin ordinater kuma ya mutu. Sai washegari wuta ta dawo, ranar kasuwa ke nan, ina ji motocin daji suna shigowa cike da mutane, kowa da salularsa. Wannan karon tsoro ya sa na bi kowane mataki, har da waɗanda ba su da amfani a ranar, na duba jerin tun daga raƙuma har kaji. Kasuwa ta ci ta watse ina kan littafi. Kwana na biyu bayan azahar na hau saman buro. Rezon da nake turawa da shi na salulata ne, in kira ya shigo sai turawar ta yanke a koma farko, don haka na toshe kira. Na zauna ƙarƙashin laima ina kallon layi yana ja da ƙyar. Da ya cika na yi hamdala, na buɗe salula, sai ga kiran uwarku jere har ban iya ƙirgawa ba. Inna ta cika jim kaɗan bayan azahar. Da zafin da ake yi, danginmu na Maradi ba su iya jira ba, sun yi mata salla bayan la'asar sun kai ta. An gaya muku mota ce ta lalace mini a hanya. Uwarku ce ta faɗi haka don ta rufa mini asiri, ni kuma na bar maganar a haka. Washegari ƙanen Inna ya kai ni maƙabarta ya nuna mini da sanda.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki tumaki biyu cikin waɗanda Inna ke kiwo a bayan gida, na sa a mota na nufi Tagriss. Alhusaini ya kai ni zangon Gaishata. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tumakin nan su ne nononta, su ne hatsinta. Fiye da rabinsu sun tafi. Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar bukka, ta dubi tumakin da na kawo, ta duba haƙoransu, sannan ta dube ni.

"Alhusaini ya ce ba laihinshi ba ne, na abin cikin salula ne. Na ce mishi salula ba ta da laihi, akwai mutum bayanta. Kai ne?"

"Ni ne."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar da take zato.

"Ni ko ƙaya zan cire ma raƙumi sai na kira mai riƙe min kanshi. An ce uwarka ta rasu. Allah shi jiƙanta. Ka sha ruwa kahin ka koma."

Ta karɓi tumakin, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Daga baya na ji an yi asara a wajen Korahane ma, a hannun wani da ya sauke Garke ranar kasuwar nan. Har yau ban san iyakar waɗanda abin ya shafa ba. Mutanen daji ba su kawo ƙara, sai dai su daina amfani da abu.

Madam Zeinabu ta zo gaisuwa a mako na uku, ita da ƙanwar mijinta, a motar haya tun daga Tawa. Mace ce gajera mai tabarau, ta kai arba'in da wani abu, mai magana a hankali. Ta zauna wajen uwarku ta yi addu'a, suka ci tuwo. Sai da za ta tafi ta nemi ganina a zaure. Ku lura da kyau, ba ta tambaye ni hatimi ba, ko ambatonsa ba ta fara yi ba.

"Na zo gaisuwa, Malam, na kuma zo in hwaɗa maka da bakina zan cire hannuna daga Garke. Ban so ka ji a rubuce."

"Don kuskure ɗaya?"

"Kuskure kowa na yi, ni ma na yi. Kwana ukun nan da na yi da gyara a hannuna ina kallo, su ne ba ni iya sakewa. Ɗiyana na tambayata mi ya same ni."

Na tambaye ta abin da zai sa ta tsaya. Ta ce abu biyu. A rubuta duk matakan fitarwa, a damƙa su ga na'ura, wata ordinater da ke can cikin intanet, wadda duk lokacin da aka aiko gyara za ta harhaɗa da kanta, ta gwada, ta auna kowane magani da iyakar da littafi ya sa, ta ƙi abin da ya wuce. Na biyu, hatimi ya bar akwatina, ya koma inda mutum uku ke da iko da shi, in biyu sun yarda na'ura ta buga ta fitar. Na ji raina ya ɓaci. Na ce mata na'ura ba ta san tunkiya ba. Ta ce haka ne, amma na'ura ba ta da uwa a asibiti. Ta nemi gafara a kan maganar nan take, ta yi sallama ta tafi.

Daga ranar har arba'in ɗin Inna ban zauna wuri ɗaya ba. In je buro in kasa buɗe ordinater, in dawo gida in kasa shiga tsakar gida saboda ɗakin Inna na kallona. Na riƙa tafiya da ƙafa har bayan gari, wajen kasuwar bisashe, ranar da ba kasuwa, in tsaya cikin turakun da babu komai. Gyare-gyare suka taru, ban taɓa su ba. Tsoron fitarwa nake, tsoron bari kuma nake. Wata rana da yamma uwarku tana tankaɗe, na wuce ta karo na ban san nawa ba, ta ajiye rariya.

"Malam, zamna. Kana sa min jiri."

Na zauna a turmi.

"Ni ban ce ka ba matar nan ba, ban ce ka hana ba. Amma ka bar cewa don mutanen daji kake riƙo. Mutanen daji sun ga abin da riƙon ya yi musu. In don kanka ne, ka ce don kanka ne, mu san da wa muke zaune."

Kwana biyu bayan nan ni da kaina na kira Tawa. Ni na kira, ku riƙe wannan.

Daminar nan kaf a kan aikin muka yi ta. Ni a Dakoro, ita a Tawa, ina faɗin mataki tana mayar da shi rubutun da na'ura ke ganewa. Ya fi yadda na zata wuya, domin akwai abubuwan da hannuna ke yi ni ban san yana yi ba. Sai ta ce ta bi abin da na faɗa bai yi ba, in zauna in yi a hankali ina kallon yatsuna, sannan in ga ashe akwai wani ɗan abu da nake sauyawa tun shekarun farko, na manta dalilinsa. Wasu matakan da muka bincika ba su da wani amfani, al'ada ce kawai. Wasu kuwa in an bar su komai rushewa yake. Littafin magunguna muka shigar gaba ɗaya, kowane magani da mafi ƙarancinsa da mafi yawansa ga kowace dabba, wani likitan bisashe na Damagaram, Dokta Musa, ya bi bayanmu ya sake dubawa. Ranar da muka kunna na'urar, na mayar da waƙafin nan wurin da na sa shi da gangan, na tura. Kafin in gama shan shayi ta dawo da shi da jan rubutu, ta nuna layin tumaki. Na daɗe ina kallon jan rubutun. Abin da ya ci mini kwana biyu da uwa, ta yi shi shayi bai huce ba.

Da kaka na buɗe akwatin ƙarfe na miƙa hatimi. Mu uku muka riƙe, ni da Madam Zeinabu da Dokta Musa. Nan ma ban yi abin kirki ba. Ƙa'ida ta ce biyu sun isa, amma su biyun suna jin nauyina, ba su fitarwa sai na ce to. Ni kuwa kowane karo sai in ce a dakata in duba, in ɗauko littafi in bi da yatsa abin da na'ura ta riga ta auna, in riƙe kwana uku, kwana biyar. Ba su taɓa yi mini ƙorafi ba. Ni na lura da kaina cewa na mayar da abin gidan jiya, sai dai yanzu da mutum biyu masu jirana cikin ladabi. Na rubuta musu cewa a ba wata likitar bisashe ta Mali kasona. Madam Zeinabu ta kira har sau biyu tana roƙo in tsaya. Na ce mata in ina nan ba za ku taɓa yi ba.

Ba zan ce muku na ji daɗi ba. Fitarwar farko da aka yi ba ni, ina kasuwa ina taya wani duba bakin sa, salula ta motsa a aljihu, na duba na ga sabon Garke ya sauka. Na rasa abin da zan yi da hannuwana. Bayan shekara suka cire hotunan da na zana suka sa waɗanda suka fi fita a ƙananan salula. Sun tambaye ni, na ce ba komai, na yi mako ina jin haushi. Mutanen gari da suka daina ganina saman buro da laima suka ce an kore ni, ni kuma na bar su, domin a ce an cuce ni ya fi mini sauƙi da in faɗi abin da na yi a barandar asibiti. Wannan shirun nawa ne ya sa kai Laminu, ranar sunan ɗiyar Haua, matar nan ta taso tun daga Tawa da turmin zane, ta gaishe ka ka kau da kai. Na gani, ban ce komai ba. Laifin nawa ne, amma gaisuwar taka ce, kuma tana nan da ranta a Tawa.

Har yanzu ban koyi zama ba. Na bar aikin gwamnati, idona ya rage, amma ranar kasuwa sai na je na zaga wajen masu allura ina leƙen salularsu. Bara na ga an rubuta sunan wani ciwon awaki da kalmar da mutanenmu ba su sani ba, ta can kudu. Na dawo gida na kunna ordinater, na sa tamu kusa da ita, na tura kamar kowa. Na'ura ta duba ta ce babu laifi. Washegari wani mutum daga Cadi, cikin masu riƙe da hatimi yanzu, wanda ban taɓa jin sunansa ba, ya amsa mini da Faransanci mai ladabi. Ya yi mini barka da zuwa Garke, ya ce in wannan ne gyarana na farko, ga takardar da ke bayyana yadda ake fitarwa, in karanta in na samu hali. Na karanta wa uwarku saƙon.

"Ka hwaɗa mishi ko kai wane ne?"

"A'a."

"To mi kac ce?"

"Na ce na gode."

Ta ci gaba da tsintar wake. Ni kuma na sa tabarau na buɗe takardar, na karanta ta tun daga farko har ƙarshe, ina bi da yatsa. Akwai matakai huɗu a ciki waɗanda ban sani ba.